Karatun Likita a Ƙetare: Lissafin da Ake Farawa daga Ƙarshe

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ta kammala sakandare ya fito a cikin damina, magana ɗaya ce ke tashi a gidajen Yamai da yaransu suka ci da maki mai kyau a ɓangaren kimiyya: likita za a karanta, amma a ina? Kawu ya ce Aljeriya, domin can ɗan abokinsa ya yi. Gwaggo ta ce Maroko ta fi tsari. Wani kuma ya shigo da takardar dillali mai alkawarin gurbi a Rasha ko Sin cikin mako biyu, in dai an ba da kafin alƙalami. A irin wannan zama sunan ƙasa ake ta juyawa, da kuɗin makaranta, da wanda aka sani a can da zai riƙe yaro.

Waɗannan tambayoyi suna da muhimmanci, sai dai a baya ya kamata su zo. Karatun likita ya sha bamban da sauran karatu ta fuska uku. A jikin majinyaci ake koyonsa, da harshen majinyaci ake koyonsa, kuma ko an gama shi ba a taɓa kowa da shi sai hukumar ƙasar da za a yi aiki ta ba da izini. Saboda haka lissafinsa daga ƙarshe ake faro shi: a wane asibiti yaron nan zai tsaya nan da shekara takwas ko goma, wa zai duba, kuma wace hukuma za ta amince da takardarsa? Wanda ya amsa waɗannan, zaɓen ƙasa zai zo masa da sauƙi.

Tsohuwar hanya ce

Fita neman ilmin likita ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A 1918 Turawan Faransa suka buɗe makarantar likita a Dakar domin dukkan ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin jagorancin Aristide Le Dantec. Nan aka riƙa horar da ƴan Afirka a matsayin mataimakan likitocin Turawa, kuma Félix Houphouët-Boigny, wanda daga baya ya shugabanci Kodebuwa, yana cikin waɗanda suka fito daga cikinta. Ɗan Nijar na wancan zamani da ke son wannan aiki ba shi da wata ƙofa sai Dakar, daga baya kuma Faransa. A Arewacin Nijeriya ma haka abin yake: Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, a Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa. Bayan samun mulkin kai a 1960 ƙofofi suka ƙaru. Tarayyar Sobiyat ta buɗe Jami'ar Zumuntar Al'ummai a Mosko a wannan shekarar, wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba, kuma Abijan da Aljeriya da Misira suka shiga karɓar ɗalibai.

Sai a farkon shekarun 1970 Nijar ta samu jami'arta a Yamai, a hayin kogi, kuma a tsakiyar shekarun aka fara koyar da aikin likita a cikinta. A 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin rana da ya taɓa shugabantar ta. Yau sashen kimiyyar lafiya na wannan jami'a, wanda kowa ke kira FSS, shi ne uwar likitocin ƙasar, kuma jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma sun buɗe nasu sassan. Ma'ana, abin da ya kasance tilas a zamanin kakanni ya zama zaɓi a zamanin jikoki, kuma zaɓi yana bukatar hujja.

Abin da ke tura yara waje

Hujja ta farko ita ce ƙarancin gurbi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, yanzu kuwa an haura miliyan 25, kuma masu cin bak suna ƙaruwa fiye da yadda kujerun aji da gadajen asibitin koyarwa ke ƙaruwa. Yaro na iya zama haziƙi ya rasa wuri. Ta biyu ita ce jan lokaci: yajin aikin malamai da na ɗalibai, da jinkirin biyan alawus, sun sha sa shekarar karatu ta shiga cikin wata, har karatun da ya kamata ya ƙare a shekara bakwai ko takwas ya zarce haka. Ta uku kayan aiki ne, domin akwai na'urori da fannonin da ɗalibi zai gani kullum a Rabat ko Aljes, a nan kuwa sai jefi-jefi. Akwai kuma ta huɗu wadda ba a cika faɗa a fili ba: martabar a ce ɗan wane yana waje, da fatan takardar waje ta zama tsanin zama a Turai.

Ita kuma ƙasar tana cikin ƙishin likitoci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa likita ɗaya a Nijar yana kan mutum fiye da 20,000, kuma mafi yawan likitocin suna Yamai da manyan birane, alhali mafi yawan jama'a suna karkara. Duk wanda ya karanto likita da kyau, ko a ina ne, ana bukatarsa. Muhawarar tana kan kalmar “da kyau”, da kuma ko zai dawo.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta farko ita ce tallafin karatu na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci, wanda ke bi ta hukumar ANAB mai kula da alawus da tallafin ɗalibai. Aljeriya da Maroko sun daɗe suna ba da gurabe ta wannan hanya, kuma amfaninsu a fili yake: an saba koyarwa da Faransanci, tsarin karatun ya yi kama da na gida, ga Musulunci da abinci da kusanci. Kuba ta kafa makarantar ELAM a 1999 domin horar da ƴaƴan talakawa na ƙasashe masu tasowa kyauta, tana ba da ƙarfi ga rigakafi da aikin likita a cikin unguwa, amma sai an fara koyon Sifaniyanci. Rasha da Turkiyya da Sin su ma suna ba da gurabe, galibi da shekara guda ta koyon harshe kafin shekara shida ko makamancin haka na karatun kansa. Wannan ƙofa ta fi aminci domin jami'o'in gwamnati ne sanannu, sai dai ƙunci gare ta, kuma tallafin ba kasafai yake ɗaukar dukkan nauyin rayuwa ba. Idan kuɗin da ake jira daga gida ya makara, ɗalibi ne ke kwana da yunwa a ƙasar da ba shi da kowa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta aljihun iyaye. Nan ne ake samun jami'o'i masu zaman kansu a Dakar da Bamako da Konakiri, da shirye-shiryen da ake koyarwa da Ingilishi a Sin da Misira da Jojiya da arewacin Kubrus, da jami'o'in Sudan da Yukren kafin yaƙi ya ci su. A wannan ƙofa akwai makarantu na ƙwarai, akwai kuma shagunan sayar da takarda, kuma a nan dillalai suke kiwo. Dillali lada yake samu a kan kowane kai da ya kai, don haka makarantar da ta fi ba shi ita zai fi yabo.

Ƙofa ta uku ba a cika tuna ta a zaman iyali ba, alhali ita ce ta fi yi wa ƙasa amfani: likitan da ya riga ya gama a gida ya fita neman ƙwarewa a fanni guda, kamar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko cutar daji, ko ƙoda, ko zuciya. Da yawa daga cikin manyan malaman FSS ta haka suka bi, ta Dakar da Abijan da Kotono da Maroko da Faransa. Yanzu ana yin wasu fannonin ƙwarewar a Yamai, amma ba duka ba.

Harshen aji da harshen gado

Littattafan likita kusan iri ɗaya ne a duniya. Ƙashin cinya bai canza suna don an tsallaka teku ba, kuma shekarun farko na sanin sassan jiki da aikinsu ana iya yin su a ko'ina. Bambancin yana farawa ne ranar da aka shiga ɗakin majinyata, wajen shekara ta uku ko ta huɗu. Daga nan malamin gaskiya shi ne mutumin da ke kwance, kuma rabin gano cuta yana cikin hirar da za a yi da shi: yaushe ya fara, ina ke ciwo, me aka sha kafin a zo.

Nan ne tallar “karatu da Ingilishi zalla” ke ruɗin mutane. Ana iya koyar da darasi da Ingilishi a wani birnin Sin ko na Rasha, amma tsohuwar da ke kan gado harshen garinsu kawai take ji. Ɗalibin da bai iya harshen ba zai tsaya a bayan layi yana kallo, ba ya tambaya, ba ya rubuta bayanin majinyaci, ba a ba shi allura ko zare. A wasu ƙasashen ma doka da al'ada ba sa barin baƙon ɗalibi ya sa hannu sosai, balle a ɗakin haihuwa. Sai a gama shekara shida da kai cike da karatu, hannu kuwa bai taɓa karɓar haihuwa ba. Ko a Aljeriya da Maroko, inda aka saba koyarwa da Faransanci, majinyaci da Larabcin gida yake magana, kuma ɗalibin da ya yi nasara shi ne wanda ya zage ya koye shi.

Ɗalibin Yamai kuma, duk da cunkoso da ƙarancin kayan aiki, yana da abin da kuɗi ba ya saya. A Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde mai sunan Amirou Boubacar Diallo, da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, majinyata sun fi ƙarfin ma'aikata, don haka tun yana ɗalibi ake jefa shi cikin aiki: kwanan gadi, ɗinki, ƙarin ruwa, karɓar haihuwa. Yana jin Hausa ko Zabarmanci, wani lokaci da Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, ya kuma san abin da uwa ke nufi idan ta ce yaro na fama da “haƙori” ko “iska”. Wannan ba ya nufin horon gida ba shi da aibi. Yawan aiki ba tare da isasshen mai duba ɗalibi ba yana iya koya masa kuskure ya zauna masa. Amma hannun da ya saba ya fi sauƙin gyara a kan hannun da bai taɓa farawa ba.

Cutar can da cutar nan

Kowace makarantar likita tana horar da ɗalibanta ne a kan cututtukan da ke cika asibitinta. A Mosko ko Ankara, ɗalibi zai ga ciwon zuciya da cutar daji da cututtukan tsufa ba adadi, zazzaɓin cizon sauro kuwa shafi kaɗan ne a littafi. A Nijar, daga Agusta zuwa Oktoba, wannan zazzaɓi ne ke cika ɗakunan yara har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai ya haɗu da tamowa. Da rani kuma sanƙarau ne: annobar 2015 ta kama mutum fiye da 8,000, ta kashe fiye da 500, kuma Yamai na cikin wuraren da ta fi tsananta. Ga ƙyanda, ga amosanin jini, ga tarin fuka, ga cizon maciji da harbin kunama, ga jijjigar masu ciki da doguwar naƙuda da ke barin mata da yoyon fitsari.

Yanayin aikin ma daban ne. Wanda ya saba kafin ya yanke hukunci sai an kawo masa hoton na'ura da gwaje-gwaje goma, idan aka tura shi asibitin gunduma a jihar Difa ko Tawa zai tarar da abin awon jini da ƴan gwaje-gwaje kaɗan, wuta na zuwa tana ɗaukewa, asibitin da za a tura majinyaci kuma yana da nisan sa'o'i. Saboda irin wannan hali ne Nijar ta ɓullo da horar da likitocin gama-gari a kan tiyatar gunduma, domin su iya fiɗa su ciro jariri ko su yi aikin gaggawa inda babu ƙwararre. Likitan da ya dawo daga waje yana iya cike wannan giɓi, da yawa sun cike sun kuma yi fice, amma sai da watanni na zama ƙarƙashin na gaba da shi da kuma sauke girman kai.

Takarda daban, izini daban

Babban abin da iyaye ke mantawa shi ne takardar digiri ba ita ce izinin aiki ba. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke tantance takardun waje, da majalisar likitoci da ke yi wa mutum rajista kafin ya buɗe baki ya ce shi likita ne. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci akwai majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Tana tantance takardun jami'o'i da ƙarin girman malamai, shi ya sa takardar Dakar ko Bamako ko Lome ta jami'ar gwamnati ba ta cika samun matsala a Nijar ba. Takardar da ta fito daga wajen wannan da'ira sai ta bi ta hanyar daidaitawa, da fassara, da tabbatar da cewa makarantar sananniya ce a ƙasarta.

Abin da ke faruwa a maƙwabciyarmu ya isa darasi. A Nijeriya, duk wanda ya karanto likita a waje sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN, kuma a zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ƙarshen 2023 fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. A 2022 majalisar ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet daga Yukren ba. A farkon 2024 kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kotono cikin mako shida. Hukuncin ya faɗa har kan waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Iyalan Hausawa da yawa suna da ƙafa ɗaya a Maraɗi ɗaya a Katsina, don haka wanda ke tunanin yin aiki a kowane ɓangare na iyaka dole ya san dokar ɓangarorin biyu.

Mafarkin Turai ma yana da nasa shingen. Likitan da takardarsa ba ta Tarayyar Turai ba ce, idan ya isa Faransa, yakan yi shekaru yana aiki a asibitocin gwamnati da ƙaramin matsayi da albashin da bai kai na takwarorinsa ba, har sai ya ci jarrabawar tantancewa mai gurabe ƙididdigaggu, ya kuma yi wasu shekarun a ƙarƙashin kulawa. Akwai kundin makarantun likita na duniya a intanet, wanda kowa zai iya dubawa kyauta. Rashin sunan makaranta a cikinsa babbar alamar haɗari ce, samun sunanta kuma ba shi ne tabbacin inganci ba.

Kuɗi, yaƙi da siyasa

Karatun likita doguwar tafiya ce, kuma a cikin shekara bakwai duniya na iya juyawa sau da yawa. Shekarun baya-bayan nan sun nuna haka ƙarara. A 2020 annobar korona ta sa Sin ta rufe iyakokinta, ɗaliban da suka zo hutu gida suka maƙale fiye da shekara biyu suna bin darasi ta waya. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, dubban ɗaliban Afirka suka gudu zuwa iyakokin Folan da Hangari da Romaniya, waɗanda ke birnin Sumi kuma suka yi kusan mako biyu a tsare kafin a buɗe musu hanya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda Jami'ar Afirka ta Duniya da wasu jami'o'in suka daɗe suna tara ƴaƴan Hausawa, aka kwashe ɗalibai a motoci zuwa iyakar Misira da Fot Sudan. Da yawansu sun baro takardun sakamakonsu a ofisoshin da babu mai buɗe su, kuma makarantar likita ba ta cika karɓar ɗalibi a tsakiyar karatu ba tare da ta mayar da shi baya ba. Ko inda babu yaƙi ana samun cikas: a Maroko ɗaliban likita sun ƙaurace wa aji daga Disambar 2023 har zuwa Nuwambar 2024, a kan rage shekarun karatu daga bakwai zuwa shida.

Siyasar gida ma tana bin ɗalibi har inda yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki ya kuma toshe hanyoyin banki har zuwa Fabrairun 2024, aika kuɗi waje ya zama wahala. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Wanda ya gina shirinsa kacokan a kan ƙasa ɗaya ya ga yadda ƙofa ke rufewa dare ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, iyayen Nijar suna da sauƙi guda: sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka lissafin bana ba ya nisa da na baɗi. Ƴan'uwansu na Nijeriya sun ga akasin haka, domin daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500, kuɗin makaranta ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. Duk da haka, kuɗin makaranta ɓangare ne kawai. Akwai haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta takardar zama, kayan sanyi, tikitin jirgi, da shekarar da za a iya maimaitawa. Gidan da ya sayar da fili ya biya shekara biyu, yana fatan Allah zai kawo na sauran, ya ɗauki kasada mai girma, domin rabin karatun likita kamar rijiya ce da aka haƙa ba a kai ga ruwa ba: an sha wahalar, ba a sha ruwan ba.

Akwai kuma nauyin da ba a auna shi da kuɗi. Yaro ɗan shekara 18 da bai taɓa kwana a wajen gidansu ba zai tarar da sanyi, da kaɗaici, da azumi a cikin dogon yini, wani wuri da wariyar launin fata. Ƴaƴa mata suna da ƙarin tambayar masauki da tsaro, ga matsin maganar aure a tsakiyar karatu, alhali ƙasar na matuƙar bukatar likitoci mata, domin akwai matan da ba za su buɗe wa namiji cikinsu ba sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Ƙungiyoyin ɗaliban Nijar a waɗannan ƙasashe su ne dangin baƙo, kuma su ne suka fi kowane dillali sanin gaskiyar makaranta.

Yamai ma ƙetare ce ga wasu

Abin da ya kamata ya sa mu sake tunani shi ne, yayin da muke fita, wasu shigowa suke yi. FSS ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga Kamaru da Benin da Chadi da Togo, waɗanda suka rasa gurbi a ƙasashensu, suka gama a Yamai suka koma gida suna aiki. A Maraɗi kuma, jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013 ta jawo ɗimbin ƴan Nijeriya masu karatun jinya da lafiyar al'umma. Asibitocin koyarwa ma sun ƙaru: Babban Asibitin Kwatance mai gado 500 da Sin ta gina an ƙaddamar da shi a 2016, kuma a 2021 aka fara gashin cutar daji da na'ura a cibiyar ƙasa da ke Yamai. Waɗannan wurare suna bukatar ƙwararru, kuma su ne hujjar da ta sa ƙofa ta uku ta fi sauran riba. Likitan da ya yi karatun farko a gida, ya yi aiki shekara biyu ko uku, idan ya fita neman ƙwarewa ya san abin da ya je nema. Ya san na'urar da babu, da aikin da ake tura mutane Tunisiya ko Indiya dominsa, kuma yana da iyali da matsayi da za su ja shi ya dawo. Zamansa a waje gajere ne, kuɗinsa kaɗan ne, kuma idan wata fitina ta tashi yana da takardar da zai ci abinci da ita.

Dawowa

Saura tambaya mai ɗaci: idan an dawo, aiki fa? Abin mamaki ne a ƙasar da ke kukan rashin likitoci a ga matasan likitoci suna zaman jiran ɗauka, suna bin hidimar ƙasa da kwantiragi da gadi a asibitocin kuɗi, domin ɗaukar ma'aikata na tafiya ne da ƙarfin baitulmali. Wannan ne ke sa wasu su ƙi dawowa, wasu su dawo su sake fita. A 2010 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare, kuma jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda ta ce kada a riƙa farautar ma'aikatansu, ya haɗa da Nijar da Nijeriya. Amma ƙa'ida ba ta hana mutum ɗaukar jakarsa. Abin da ke riƙe likita shi ne albashi a kan lokaci, kayan aiki, tsaro a inda aka tura shi, da tabbacin cewa shekarun da ya yi a karkara za su buɗe masa hanyar ƙwarewa.

Saboda haka nauyin ya rabu biyu. Iyaye, kafin su biya ko dala ɗaya, su je da kansu ma'aikatar ilmi mai zurfi da majalisar likitoci su tambaya ko ana karɓar takardar wannan makaranta. Su nemi sanin asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, da harshen da ake yi a cikinsa, da ko ana barin baƙo ya taɓa majinyaci. Su yi magana da wanda ya gama a can ya dawo yana aiki, su biya kuɗi kai tsaye ga makaranta, su lissafa shekarun duka har da ta maimaici, su kuma sa yaro ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa kowace shekara yana yin hutunsa a asibitin gida. Idan gurbi ya samu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, kada a raina shi don yana kusa.

Gwamnati kuma tana da aiki uku da ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Ta wallafa jerin makarantun waje da ta amince da su kowace shekara kafin fitowar sakamakon bak, yadda dillali ba zai sami duhun da zai yi ciniki a ciki ba. Ta tsara wa masu dawowa zangon sabawa da aiki a asibitocin koyarwa, mai tsayayyen lokaci da mai kulawa. Sannan ta karkata mafi yawan tallafin waje zuwa fannonin ƙwarewar da asibitocinta suka rasa, da yarjejeniyar cewa kujerar aiki na jiran mutum ranar da ya sauka, shi kuma zai yi wa ƙasa shekarun da aka ƙayyade.